Inda Ruwa Zai Kwana

A garinmu, can bayan Gumel,
ruwa baƙo ne mai tsada.
In ya yi jinkiri, a fita fili da rana tsaka
a juya riga, a roƙa.

A Akoka na iske shi
kwance a ƙofar ɗakinmu, ba sallama.
Tsakar gidan ɗalibai siminti ne malala,
wani ɗan kwangila ya shafe ta tas
kamar mai toshe bakin ƙasa kada ta ba da shaida.
Sama ta zubo, ƙasa ba maƙogwaro.
Silifas ɗina ya yi fito har ɗaki na tara,
sauro ya yi zuri'a a tsohuwar taya,
littafin lissafina ya kumbura kamar burodin Agege.

Tejumade ce ta fara.
'Yar aji uku, mai karatun tsara filaye.
Ta tsaya cikin ruwa har idon sawu,
takarda a leda, tana bin kumfa da ido.
Ta ce: ruwan nan ba mugu ba ne,
masauki ya rasa.

Baba Lasisi mai gadi ya yi dariya har da tari.
Shekara sha tara yana korar ruwan da tsintsiya.
Ya ce in mun iya, lemo a wuyansa.

Ran Asabar muka ari guduma.
Hannun biro ya yi bororo.
Tasi'u na fasawa, Obiageli na kwashewa,
ɓaraguzan ba mu zubar ba,
muka jera su hanya, da tsaga a tsakani
don ruwa ya sami ƙofa.
Ƙasar da ta fito baƙa ce,
da ƙamshin tsohuwar randa.

Muka haƙa kwari mai lanƙwasar lauje
daga bakin indararo zuwa gindin katanga.
Tejumade ta nuna min wata ciyawa a waya,
ta kira sunanta na littafi, dogo kamar layin banki.
Na duba, na sake dubawa.
Na ce, ai jema ce!
Da ita kakata ke ɗinka faifai.
Kwana shida da kiran kawu
ta iso a buhu, bisa motar albasa,
saiwarta da sauran laimar fadamarmu.

Ayaba muka sa inda ruwan wanka ke bi.
Zogale a kusurwa.
Lalo, da na ce lalo suka ce ewedu,
muka bar gardama, tukunya ta raba.
Ganga biyu shuɗaye ƙarƙashin kwano,
rami ɗaya na ɓawon doya da ƙanzon shinkafa.

Gwanda uku sun mutu.
An sace kan famfon ganga ɗaya, har yau.
Ofis ya aiko takarda: wa ya ba ku izini?
Tejumade ta hau bene sau huɗu da zanenta,
a na biyar mai sa hannu ya tambayi irin zogale.

Sai wani dare a watan Yuni
sama ta ɓarke kamar buhun gero.
Na farka, na laluba ƙofa.
Silifas na nan inda na bar shi.
Ruwan ya bi lauje, ya tsaya cikin jema,
ya kwana.
Kafin kiran assalatu ƙasa ta haɗiye rabi.

Baba Lasisi ya cika alkawari:
kwalba uku, mu goma sha ɗaya.

Bana zan gama.
Mangwaron da na dasa, inuwarsa ba ta fi faifai ba.
Wanda zai yi bita a gindinsa
yanzu yana firamare, bai san Akoka ba.

Jiya Baba ya kira daga gida,
ya ce har yanzu ba a yi shuka ba.
Ban sami abin faɗa ba.
Na miƙa wayar ta taga
ya saurara.