Inda Giredar Baba Ke Juyawa

Shekara ashirin da bakwai Baba na kan gireda,
yana aske hanyar burjin da ta tashi daga Maltahöhe
ta ratsa duwatsu ta gangara Sesriem.
A bakin ƙofar gandun yake juya kan motarsa.
Bai taɓa shiga ba.
Ya ce ba a biyansa don kallon yashi.

Yanzu ga fansho, ga gwiwa mai ƙara.
Na baje taswira a kan teburin kicin,
na danne bakinta da kofi da kwalbar gishiri.
Na ce, Baba, bana sai ka ga tuddan nan.
Ya kurɓi shayi. Ya ce, yaushe?

Na ce Disamba, lokacin hutuna.
Dariya ya yi har ya ƙware.
Disamba, Sanna? Kafin hantsi yashi ya zama garwashi,
lagireto na tafasa, takalmi na saki,
inuwa kuwa sai wadda ka zo da ita.

To Fabrairu?
Ya ɗora yatsa a kan wani siririn zane.
Tsauchab ke nan, in ji shi.
Sai ya daɗe yana barci har ka manta kogi ne.
Ruwa ya zuba can kan Naukluft,
kai ko hadarin ba ka gani ba,
cikin dare ɗaya ya taso ja wur ya datse hanya.
Kwana uku na taɓa yi a wannan gaɓa,
guzurina yana waccan.

Yuli fa?
Rana ta yi maka murmushi, dare ya cije ka.
Ƙashina ba zai ɗauka ba.

Muka tsaya a kan Mayu.
Daga nan alƙalami ya koma hannunsa:
safaya biyu, ba ɗaya ba,
jarkar ruwa ta mutum daban, ta mota daban,
duk inda kika ga famfon mai, ki sha, ko tanki bai nema ba.
Ba tafiyar dare, mariri bai san burki ba.
A aro motar Josia mai jan ƙafa huɗu,
taki a bar ta gida ta huta.

Ranar tafiya tun asuba yake faɗa da hanya.
Wa ya bar wannan gargada?
Yaron da ya gaje ni aski yake, ko susa?

Rana na leƙowa aka buɗe ƙofa.
Na ga hannunsa na dama ya motsa a kan cinya
zai murza sitiyarin da babu.
Na wuce.

Kilomita sittin na kwalta, bai ce uffan ba,
kwalta ba ta da abin da za ta gaya masa.
Inda ta ƙare muka rage iskar tayoyi,
ya tsuguna da kansa yana saurarar hucin.
Sauran tafiyar yashi ne zalla,
sawun kowa ya hau kan na kowa.

Muka taka da ƙafa zuwa farin kwarin,
inda matattun itatuwa ke tsaye, baƙi ƙirin,
jajayen tuddai sun zagaye su.
Na jira ya ce wani abu babba.

Ya duƙa a gindin tudu, da ƙyar,
ya shafa layukan da iska ta jera a kan yashi,
ƙanana, a jere, tazararsu ɗaya.
Ya ce, nan ma gargada ce.
Ya daɗe a duƙe.
Amma wannan a bar ta.

Sai ya miƙo mini hannu na ɗaga shi,
ya tambayi ƙarfe nawa,
don da faɗuwar rana suke rufe ƙofa.