Toka ko Toho

A Shika, ɗakin hoto sanyi gare shi kamar cikin randa.
Aka ce Baba ya cire zobe, ya zazzage makullan aljihu,
aka tura shi cikin bututu
mai ƙara kamar injin niƙan Tudun Wada.
Ni aka bari da takalmansa.

Bara aka yanke ƙarin da ya tsiro masa a ka,
aka bi saura da gashi, mako shida,
har gashi ya cinye gashi, ya koma sa hula ko a ɗaka.
Yau ga wani farin zobe a allo,
daidai gurbin da wancan ya zauna.

Dakta Lantana ba ta yi garaje ba.
Ta ce, "A wannan hoton, ƙuna da ciwo riga ɗaya suke sawa.
Kowanne kan kumbura, kowanne kan kawo jiri,
ya sa cokali ya suɓuce daga hannun hagu.
Sai mun tambayi jini.
Mai rai yana janyo jijiyoyi, yana sha.
Tabo ba ya jin ƙishirwa."

Baba ya yi dariya, rabin bakinsa ne ya bi shi.
Shekara talatin ya yi a gonar gwaji ta Samaru
yana faɗa da wuta-wuta a gindin dawa.
Ya ce, "Na gane, 'yata.
An ƙone saura, an hango wani abu a kunya.
Toka ce ko toho?
Sai an ba shi ruwa."

Aka ɗura ruwan allura a jijiya,
injin ya koma niƙansa.
Na ƙirga tayil ɗin bene, na ɓata, na sake.
La'asar ta wuce ni a zaune.

Da hoton ya fito, kan mahaifina ya zama taswira:
ja inda jini ke kasuwa,
shuɗi inda aka tashi.
Zoben nan shuɗi ne,
shuɗi kusan duka,
sai wani ɗigo a gefe, bai kai ƙwayar gero ba,
da ya ƙi faɗin sunansa.

"Na fi zaton toka," in ji ta.
"Amma zato ba ya sa hannu a takarda.
Ku dawo bayan mako takwas."

A Kwangila ya sa aka tsaya,
ya sayi irin kuɓewa na ɗari biyu,
ya ƙulle a bakin riga da hannun da ke jin magana.
"Ita ma mako takwas take yi," in ji shi.
"Mu ga wa zai riga wani."