Igiyar Guga

Mai ƙidaya ya zo Kanya da alli,
ya zana lamba a ƙyaurenmu,
ya ce, "Ku nawa ne?"
Na ce ashirin da bakwai,
ban da na cikin Lantana.

Ya rubuta. Ni ma da tawa ƙidayar.

Ran da aka kawo ni gidan nan,
gaba shida guga ke taɓa ruwa.
Yau sha huɗu, ƙulli bisa ƙulli,
kowane ƙulli na san sa'ansa a yaran gida.

Gonar Jatau da sai an yi gayya,
an raba ta tara, an sake rabawa;
rabon Tambai, akuya ma ta raina.

Kiryar bakin burtali
ta zama turmi, ta zama gawayi.
Burtalin ma gero ya hau shi.
'Yan mata su fita itace da hantsi,
sai la'asar sakaliya.

Ban ce haihuwa ba arziki ba ce.
Ni na yanke cibiyar rabinsu.

Amma yaro, kafin ka rufe littafin,
ina layin da ake rubuta rijiya?

Ya duba, ya juya takarda,
ya roƙi ruwan sha.