Bangon Gidan Tuwo

Shekara tara ina tuƙin tuwo a bakin tashar Jega,
bangon nan ya ci tare da kowa.
Direba ya gama da miyar kuka, ya dafa shi ya miƙe,
ɗan kamasho ya jingina da rigar gumi,
bakanike ya bar mini yatsu biyar na baƙin mai
daidai inda ake kunna fitila.
Har feshin goro akwai, can ƙasa-ƙasa,
na san mai shi, ba zan faɗa ba.

Farar ƙasa na saba shafawa gabanin kowace Sallah.
Kwana uku tana fari kamar nono a ƙwarya,
ran na huɗu ta bi bayan rigunan mutane,
wani ya kai ta Koko, wani Yawuri.

Bana na ce a'a.
Na ƙulle kuɗin adashi a bakin zane,
na shiga shagon Arzika mai fenti.
Ya jera gwangwanaye uku bisa benci,
duka farare, amma ba uwa ɗaya ba.
"Wanga na ruwa ne, araha, bai son tsumma.
Wanga na mai, ƙyalli awa madubi,
shi ka tona asirin kumburin yaɓe,
warinai ko sai ya shiga miya.
Wanga na tsakiya, santsi awa ƙwan zabo,
tsada garai, amma sa mai soso da sabulu,
ko gezau."

Ni ba na cinikin biri a sama.
Na ce ya ɗiba mini kowanne a murfin roba.
Na shafa ukun a jere kusa da ƙofa,
inda kafaɗa ke goga, inda yara ke jan hannu,
na bar su mako guda ga bayin Allah.
Ran Juma'a na ƙara musu manja da kaina,
da toka, da baƙin gindin tukunya.
Tumba ta kawo ruwa a bokiti.
Na farko ya biyo soson, ya bar tabo kamar kyasbi.
Na biyu ya fita, sai dai yana kashe ido.
Na uku, shafa biyu,
kamar ba a taɓa ba.

Na biya. Hannuna ya yi rawa, amma na biya.
Araha ba ta ado.

Sai daren da za a kankare tsohon bango
na tuna littafina yana jikinsa.
Bayan ƙofa, da gawayi, da biro, da ƙusa:
Labbo, malmala huɗu.
Ɗan Yalo, ɗari shida har da nama.
Tumba ta kwashe da dariya:
"Inna, sabon nan fa, ko yawu aka sa
bashi ya biya kansa."
Gaskiyarta. Na aika a sayo littafi mai bango,
muka tsuguna da tocila muna kwafewa.

Can ƙasa, da rubutun da ba nawa ba:
Nomau, ɗari uku, sai na dawo.
Shi ya rubuta, da gawayin murhuna, yana tsokanata,
asubar da ya ɗauki albasa ya yi kudu.
Shekara huɗu ke nan.
Wata kwana ce ta riƙe shi, shi da yaron mota.
Duk Sallah ina kewaye wurin da buroshi.

Tumba ta ɗaga biro tana jira.
Na ce bari, wannan ba ya shiga littafi.
Na jiƙa tsumma da hannuna.
Gawayin ya shige yaɓe, ya ƙi fita,
na goga, na goga,
har farar ƙasa ta zubo mini a ƙafa.
Na ce na yafe, Nomau, duniya da lahira.

Da hantsi mai fenti ya yi shafi biyu.
Kwana ɗaya ban ɗora tukunya ba.

Yanzu in an watse, Tumba ta bi bango da soso,
kafin garwashi ya mutu ya koma fari.
Jiya bakanike ya zo, ya tsaya bakin ƙofa,
ya dubi bangon, ya dubi tafinsa,
ya ce a ba shi ruwa tukuna.