Ƙofar Gefe

Mahaifina Casimir ba ya rubutu da biro.
Fensir ne, da littafi mai koren bango,
wasan besbol ɗari da sittin da biyu a shekara,
kowace jifa da gidanta, kowane bugu da alamarsa,
tun ƙanƙara ba ta gama narkewa a bakin tafkin Erie ba
har ganyen layinmu ya yi ja ya zube.

Bana ƙungiyarsa ta ci ɗari da ɗaya.
Ya ja layi biyu a ƙarƙashin lambar.
Sai Oktoba ta zo da baƙinta,
waɗanda ko rukuninsu ba su ci ba,
aka buɗe musu ƙofar gefe, aka ce bisimilla.
Tamanin da biyar ne jarinsu.
Cikin dare huɗu suka naɗe mana tabarma.

Ranar Lahadi, a kicin, miyar kabeji na tafasa,
ya ɗora littafin a tebur kamar mai shigar da ƙara.
Ya ce, wata shida fa!
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Shekara talatin na yi ina zuba ƙarfe a masana'anta,
ban taɓa ganin wanda ya zo ana tashi
ya karɓi albashin mako ba.
In dare huɗu ya isa shaida,
me ya sa aka ɓata mana bazara?

Efraín, mijin ƙanwata, direban bas mai lamba goma sha huɗu,
ya ajiye cokali.
Baba, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.
Su ma ba daga sama suka faɗo ba.
Mai jifansu ya karye a watan Mayu,
suka yi ta ɗingishi, ba su kwanta ba.
Ni kullum ina hango mai gudu a madubi.
In na rufe masa ƙofa don agogo ya ce,
agogon ne zai gaishe ni gobe?

Ai bas daban, kambu daban, in ji tsoho.
Tausayi ba ya cin kofi.
Kuma kar ka ce mini tausayi ne, kuɗin talabijin ne.

Nan Efraín ya yi shiru, don ya san akwai gaskiya.

Mahaifiyata Bernadette tana yanka burodi,
ba ta ko juyo ba.
Ta ce, Casimir, ka tuna Leopold?
Shekara biyu yana zarya gidanmu,
da mota, da fure, da aikin banki,
babana har ya fara kiransa ɗa.
Kai kuwa a bikin ƙawata ka ɓullo, ba wanda ya gayyace ka,
kwat ɗin aro, hannun ya gaza maka.
Mako uku.
Da lissafi aka bi, da yanzu ina Florida.

Tururin miya ya rufe gilashin taga.
Wani ya yi tari. Ni na duƙa ina neman abin da bai faɗi ba.

Wannan daban ne, ya ce da kwanonsa.
Ta ce, to.

Bai sauya ra'ayi ba, kar ku ce na ce.
Har gobe 'yan cin bulus yake kiransu.
Amma daren wasan ƙarshe na sauko shan ruwa,
na tarar da shi a falo, fitila a kashe,
ya rage muryar talabijin har ƙasa,
yana kallon baƙin nan na ƙofar gefe,
littafin a gwiwa, ya buɗe sabon shafi,
yana fiƙe fensir da wuƙar yankan burodi,
ɓawon na zuba a kan silifas ɗinsa.