Lemo Guda

Jajibirin Kirsimeti a Bragança,
ƙanƙara ta danne rufin maƙwabta,
tukunyar busasshen kifi da kabeji ta huce,
muka ja kujeru kusa da murhu.
Telmo ya riƙe rimot kamar wani zai ƙwace,
Benedita ta cusa ƙafa a bargon kakanta.

Fim ne na mutanen da,
irin wanda ake sakawa duk ƙarshen shekara.
Wani uba ya ƙetare duwatsu da ƙafa,
ya tafi ci-rani Faransa,
ya bar mace da yara da akuya mai gardama.
Sai ga shi daren biki yana ƙwanƙwasa ƙofa,
kwat fes, suma a taje,
akwati maƙil da takalma da 'yar tsana,
goge na kuka daga bayan fage,
kowa ya faɗa jikin kowa.

Telmo ya ce, "Na gane.
In ka yi haƙuri, tsaraba tana tafe."
Na buɗe baki zan sa masa albarka,
sai babana Amílcar ya yi tari,
tarin da ba na mura ba.

Ya ce, "Wanda ya shirya wannan abu
bai taɓa kwana da jiƙaƙƙen takalmi ba.
Namu uban, biki uku ba mu gan shi ba.
Ranar da ya zo, na huɗun ya wuce da kwana tara.
Ba goge.
Karenmu ne ya tare shi da haushi,
don ya manta warinsa.
Akwatin kwali ne, ɗaure da igiya,
riga biyu a ciki, siminti ya ci wuyansu,
sai lemo guda."

"Guda?" in ji Benedita. "Ku nawa?"

"Mu bakwai, har da shi.
Uwarmu ta ɓare shi sannu,
kamar mai kwance ƙyallen gyambo.
Ta ƙirga, ɓari goma.
Kowa ya miƙa hannu, saura uku.
Ta naɗe su a gefen tsumma,
ta ce in kai wa Ermelinda,
wadda mijinta suka fita tare da babanmu,
hularsa kaɗai ta dawo."

Itace ya fashe a murhu.
Telmo ya matso. "Ka kai?"

Tsoho ya daɗe yana duban wuta.
"Biyu na kai.
Ɗaya na ci a bayan coci, a tsaye,
ina waige kamar ɓera.
Ta karɓa, ta shafa kaina,
ta ce uwarka ta yi tarbiyya.
Yau shekara sittin da shida,
ɓarin nan bai wuce maƙogwarona ba."

Sunaye na hawa bisa allon talabijin,
babu mai karantawa.

Ni da na zaɓi fim ɗin da hannuna,
na tanadi 'yar huɗubata kan godiya,
sai na haɗiye ta.
Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi,
ko da mai ɗaci ce.

Telmo ya tashi, ya je ga kwano,
lemo ya kai ashirin, wasu har sun fara laushi.
Ya zaɓi ɗaya, ya sa farce,
ruwan ya fantsamar masa a ido.
Ya cire ɓari guda,
ya naɗe a takardar goge baki.

"Gidan yana nan?"
"Yana nan. Jikarta ce a ciki."
"To gobe ka raka ni."
Tsoho ya yi dariya har da hawaye:
"Za ta ce mun zautu."
Amma na ga ya leƙa ƙarƙashin kujera
yana neman takalminsa na fita.

Na kashe talabijin.
Mai kwat ɗin nan zai dawo baɗi,
da sumarsa, da gogensa,
kuma za mu buɗe masa ƙofa.
Ba don ƙaryarsa ba,
da tsoho bai yi tari ba.