Ɗakin da Ya Ɓace

Kwamfutar da Baba ya bari tana tari kafin ta tashi,
fankarta na kuka kamar tsohon keken ɗinki.
Ɗaki biyu na san ta da su.
Ran Talata aka ɗauke wuta tana tsakar aiki,
da ta farfaɗo, ɗaya ta nuna mini.

Na ɗaure ta a bayan babur
sai rumfar Hamajoda, bayan babbar kasuwar Garwa.
Ya zare faifan, ya hure shi, ya ce:
"Kada ka ƙara ajiye komai a kai.
Ƙofar ce aka yaɓe da laka,
ginin bai rushe ba."

Ya sa wata manhaja ta bi faifan
taki-taki, kamar mai neman iyakar gonarsa
bayan ruwan Binuwai ya janye.
Kashi tara. Kashi goma sha ɗaya.
Muka yi la'asar. Shayi ya huce.
A sittin da biyu ta tsaya.

Sunaye suka fito, wasu da guntun kai:
lissafin auduga na shekara shida,
bashin da Wakili bai biya ba,
hoton Inna, rabinsa ya koma toka,
fuskar dai ta tsira.

Can ƙasa, fayil guda marar suna.
Hamajoda ya danna.
Baba ne, yana gwada makirufo:
"Ana ji na? Ana ji na?"
Sai tari, sai dariya.

Daƙiƙa bakwai ke nan.
Na ce, ana ji.
Hamajoda ya juya baya, ya shiga laluben sukudireba
alhali tana hannunsa.